Jan Ɗigon da Auta Ya Sa Aka Goge

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Baba, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da kowa na gida. Yaya ƙafar taka? Ina fatan kana shafa maganin da na aiko, ba ka ɗora shi saman kabad ka manta kamar wancan ba. Mu nan lafiya lau. Uwar yara tana gaishe ku, yaran ma haka.

Saƙonka ya iso, cewa in taya Auta murnar sabon muƙaminsa, in kuma riƙe masa hannu. Na ji. Amma kafin in amsa, ka yi haƙuri in tuna maka wasu abubuwa, kuma a rubuce, don maganar waya iska ke kwashe ta.

Da na gama sakandare babu wanda ya ce mini ga hanya. Da kaina na bi masu jan waya ina ɗaukar musu tsani a kafaɗa, ina satar aiki da ido. Da kaina na koyi matse kan waya har fatar yatsuna ta mutu. Da kaina na koyi Turancin littattafan na'ura, ƙamus a cinyata, ina tauna kalma kamar tsakuwa. Ranar da na shiga kwalejin nan babu wayar da ta haɗa kwamfuta da kwamfuta ko ɗaya. Ni na huda bangon, ni na yi rarrafe cikin silin tare da ɓeraye, tun daga ofishin Magatakarda har laburare, har babban ɗakin jarrabawa. Na gina gida, na yi aure, babu wanda ya miƙo mini bulo. Ba don in ɓata maka rai nake faɗa ba. Kai ma ka san a shekarun nan hankalinka yana kan Auta da ciwon ƙirjinsa, ni kuwa an ce babba ne, zan iya.

Kai ka turo mini shi da jaka ɗaya ka ce in koya masa sana'a. Na koya masa, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da hannu. Sai dai yana da abin da ni ban da shi, wato dariya. Kafin Magatakarda ya gama ba'arsa, Auta ya riga ya riƙe ciki. Ni kuwa in aka faɗi shirme a taro, sai in ce shirme ne. Shi ya sa da za a naɗa shugaban sashe aka tsallake ni aka ba shi. Ni an mayar da ni kan kyamarorin tsaro, wai an rage mini nauyi, kamar na ce musu bayana yana ciwo.

Duk wannan na haɗiye. Ga abin da ya tsaya mini a wuya.

A kowane gini akwai akwatin ƙarfe mai ramuka da yawa, nan wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa su yi magana da juna. Suwic muke ce masa. Kowanne da na kafa, sai na manna masa 'yar takarda mai sunana, don wanda zai zo baya ya san hannun wa ya taɓa shi. Wasu kuma na ɗiga musu jan farcen uwar yara a gefen sunan. Aikin farko da ɗanka ya yi a matsayin shugaba shi ne ya ba mai shara tsumma da kananzir, ya ce wurin ya yi kama da shagon gyaran rediyo, a kankare komai. Na shiga na tarar da ƙarfen yana ƙyalli, an manna sababbin takardu masu lamba zalla. Mai sharar ce ma ta ji kunya, ta sunkuyar da kai ta ce Oga, umarni ne.

Kashegari mai hoto ya zo. Ka san hoton, tunda an ce har firam ka sa aka yi masa ka rataye a falo kusa da agogo, kana nuna wa baƙi. Auta a tsaye gaban na'urorina, ya harɗe hannu, a ƙasa mujallar kwaleji ta rubuta wai shi ne ya gina netwok ɗin makarantar. Bai ce musu a gyara ba. Kai ma da ka san wanda ya gina, ba ka ce ba.

Yanzu kamfanin da ya ƙera na'urorin ya ce akwai ɓaraka a cikinsu da ɓarayin jarrabawa za su iya bi, dole a sabunta su kafin ɗalibai su zauna jarrabawar kwamfuta ranar Litinin ta sama. Magatakarda ya ɗora wa Auta aikin, ya ce kan Autan ne jingina. Ina yi masa fatan alheri. Jan ɗigon nan ba ado ba ne, yana da abin da yake faɗa, amma wanda ya goge rubutu bai karanta ba, ban ga dalilin da za a bi shi da fassara ba.

A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata ta rage zama kusa da hayaƙi.

Ɗanka na fari.

*

Zuwa ga mahaifina,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna. Na ga kiranka jiya da yau, ban ɗauka ba. Na san abin da za ka ce, kuma ban son in ɗaga maka murya. Yau Lahadi, yanzu na dawo daga la'asar, gara in zauna in rubuta maka yadda abin ya kasance kafin a kawo maka shi da gishiri.

Ashe ka kira Auta ka ba shi labarin jan ɗigo. Ranar Juma'a ina kan tsani ina gyara kyamarar bakin ƙofa, sai na ji an riƙe mini ƙafar tsanin daga ƙasa, yadda yake yi lokacin yana koyo. Ya ɗaga kai ya ce Yaya, wai Baba ya ce akwai maganar wani jan abu. Na ce masa duk abin da na sani na rubuta a jikin ƙarfen, ya je ya karanta. Ya yi dariyar nan tasa, ya ce Yaya ba ka gajiya da rigima. Ya ce ai ya duba na ofishin Magatakarda da na ginin malamai, duk a shirye suke, sauran kuwa iri ɗaya ne. Na ce to madalla, ranka ya daɗe. Ya saki tsanin ya tafi. Da ya ce Yaya na yi kuskure da na cire sunanka, wallahi da ban sauko daga tsanin nan ba sai ya san komai. Bai faɗa ba.

Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Kowane suwic yana da abu biyu a cikinsa. Akwai famwe, shi ne ma'aikacin da ke yin aikin duka. Akwai kuma butloda, shi kamar mai gadi ne da ke buɗe ƙofa da safe ya shigo da ma'aikacin. In za ka sa sabon ma'aikaci, dole ka tabbatar mai gadin zai gane shi. Suwic ɗin kwalejin nan fuskarsu ɗaya, amma sau biyu aka saye su, da tazarar shekaru. Na sayen farko tsohon butloda ne a cikinsu, bai san sabon famwe ba. Su ne na ɗiga wa ja, don a san sai an fara sabunta mai gadi kafin a taɓa ma'aikaci. Su ne kuma a laburare da ɗakin jarrabawa.

Jiya Asabar da hantsi Auta ya zauna a kujerarsa mai juyawa ya tura sabon famwe ga dukkansu lokaci guda. Sababbin suka mutu suka tashi lafiya. Tsofaffin suka share tsohon ma'aikaci, suka kashe kansu don su tashi da sabo, mai gadi ya leƙa ya ce bai san wannan ba. Shi ke nan. Ba tsoho, ba sabo. Fanka tana ta gurnani, 'yar fitila ɗaya ruwan ɗorawa tana kallon mutum, ƙarfen ya zama bulo.

Ina cikin makarantar a lokacin, a ɗakin kyamarori inda suka ajiye ni. Allunan suna gabana, kyamarorin kuwa layinsu daban ne, ni na raba shi tun da daɗewa. Na ga ƙofar ofishinsa ta buɗe, ya fito da laftof a hammata yana tafiya da sauri irin ta mai mutunci. Ya shiga laburare ya fito, wannan karon da gudu. Ya nufi ɗakin jarrabawa, takalminsa ɗaya ya fita a kan matakala bai koma ya ɗauka ba. Na gan shi ya cire wuta ya mayar, ya cire ya mayar, kamar mai jijjiga gawa. Daga baya ya zauna a ƙasa ya jingina da bango ya fito da abin shaƙarsa na ƙirji. Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, kujera na ja na gyara zama. Tun da aka kawo ni ɗakin nan ban taɓa jin daɗin aikin kyamara ba sai jiya.

Abin yana da magani. Akwai wani butloda na tsakiya da ake bi ta kansa, kamfanin ya daɗe da cire shi daga shafinsa, amma yana nan cikin 'yar filashin adana fayil da ke maƙale da makullin babur ɗina. Ana ɗura shi ta wata shuɗiyar waya, suwic ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar ƙarin ruwa a asibiti. Auta ya san yana wurina, don ya sha ganin ina goge filashin da bakin riga.

Yau da safe ina wanke babur a ƙofar gida sai ga shi, da kayan jiya a jikinsa, idanu jawur. Ya durƙusa a cikin ruwan kumfar. Makullin yana jikin babur, filashin yana lilo daidai hancinsa. Ya ce Yaya don Allah, don darajar Baba. Na ce masa ni mai kyamara ne, me ya haɗa ni da netwok, ai wanda ya gina shi ne zai san ciwonsa. Ya ce in muka fara yanzu za mu gama kafin ɗalibai su zauna, kuma gaskiya ya faɗa, da mun gama. Na ce zan zo, amma sai Magatakarda da bakinsa ya kira ni ya roƙa. Ya ce Yaya in Magatakarda ya ji kafin a gyara ai na mutu, ka san matata yau ko gobe ne. Na ce ni ban ce ya faɗa masa ba, sharaɗina na faɗa. Na ce ya ɗan matsa, zan watsa ruwa.

Uwar yara ta fito ta kawo masa ruwan sha, tana harara ta, ta ce Baban yara ka ji tsoron Allah, ɗan'uwanka ne. Na ce mata da jan farcenta aka yi alamar, ita ma an goge ta, ta koma ciki. Tun safe ba ta yi mini magana ba. Za ta huce.

Kada ka sa Inna ta kira ni tana kuka, don ba zai canza komai ba, sai dai ya tayar mata da hawan jini. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ina gaida kowa.

Ɗanka na fari.

*

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ko da kuwa uban ya rubuta cewa yana shakkar ko shi ya haifi mai irin wannan zuciya. Takardarka ta zo, na karanta ta har ƙarshe, na kuma adana ta. Ina fatan jikin Inna da sauƙi. Na ji ta kwanta, Allah ya ba ta lafiya. Na aiko mata da bargo mai kauri ta hannun direban da zai kawo wannan.

Ka ce ba ka gane yadda abin ya kai ga kora ba. To ga yadda aka yi.

Auta bai faɗa wa Magatakarda ba. Ya kwana yana neman fayil ɗin a duniya bai samu ba. Ranar Litinin ɗalibai suka cika ɗakin jarrabawa, kowa gaban kwamfutarsa, allo yana cewa babu haɗi. Tun suna gunaguni har suka fara buga tebura. Masu sa ido da suka zo daga waje suna duba agogo suna rubuce-rubuce. Daga nan aka turo mini mai gadi a guje, wai Magatakarda ya ce a kira masa wan wancan. Ka ji, Baba? Wan wancan. Na ce wa mai gadi ya koma ya ce ba a samu mai wannan suna ba. Sai da Magatakarda ya taka da ƙafarsa har ɗakin kyamarori, sakatariyarsa tana bin bayansa tana raɗa masa sunana a kunne, ya faɗe shi, sannan na miƙe.

An ɗage jarrabawar. Aikin ya ci kwanaki. Na ce ina buƙatar mai riƙe mini laftof da shuɗiyar waya, kuma shugaban sashe nake so. Haka ya bi ni gini gini, a gaban malamai da ɗalibai, yana tsugune yana riƙe da waya, ni ina zaune. Duk suwic ɗin da ya farfaɗo, fitilunsa suka koma kore suka fara ƙifce-ƙifce, sai in fito da kwalbar jan farce in ɗiga masa a goshi, Auta yana kallo. Sai ya naɗe wayar mu wuce na gaba. Ban ji dariyarsa ba ko sau ɗaya.

Sannan aka zauna kwamiti. Suka tambaye ni ko wannan ɓoyayyiyar matsala ce da kowa zai iya faɗawa ciki. Na ga Auta ya ɗago ya kalle ni. Na san in na ce e, gargaɗi kawai za a yi masa. Na ce a'a. Na ce alamar tana nan ɓaro-ɓaro a jikin kowane tsohon suwic, shi ya sa aka kankare da kananzir, in suna shakka a kira mai shara. Aka kira ta, ta faɗi gaskiya, aka miƙa wa Auta takardar kora. Ka nuna mini ƙarya ɗaya a cikin maganata, in zo har gida in durƙusa maka.

Kada ka ɗauka an ba ni kujerarsa. Da na gama na roƙi abu ɗaya tak, a kafa ɗan allon ƙarfe a ƙofar ɗakin na'urori mai sunan wanda ya kafa su. Magatakarda ya ce kwaleji ba ta rubuta sunan ma'aikaci a ƙofa. Ya ce sun ga haɗarin dogara da mutum ɗaya, don haka sun ba wani kamfanin waje kwangilar komai, kuma baɗi za a kwashe tsofaffin na'urorin gaba ɗaya a zuba sababbi. Ya yi mini godiya yana kallon wayarsa, ya ce in koma kan kyamarori. Na lura ya riga ya manta sunan, don Malam ya ce mini.

Na ji matar Auta ta sauka lafiya, an samu namiji. Allah ya raya. Tun suna amarci Auta yake cewa ɗansa na fari sunana zai ci, yanzu an ce na surukinsa aka sa. Babu komai. Sunana ba abin da za a goya a baya yana fitsari ba ne. Uwar yara ta je barka ba da izinina ba, ta dawo ta ce har sun fara ɗaure kaya, gidan kwaleji ne dole su tashi. An ce wurinka za su dawo, kuma ɗakina na dā ka sa aka share musu. Daidai ne. Dama can komai nawa shi ake share wa.

Ka ce in zo in nemi gafararsa a gabanka, in ba haka ba kada in ƙara taka maka gida. Ban ƙi zuwa ba, Baba. Ina so in ga Inna, ina so in ga ƙafar taka da idona. Amma ba zan zauna a falon nan ƙarƙashin hoton nan ba. Direban ya ce har yanzu yana rataye kusa da agogo.

Ba cewa na yi ka cire shi ba. Ka bar shi, na'urorin da ke bayansa nawa ne, kuma nan da baɗi hoton nan kaɗai zai rage a duniya da ke nuna sun taɓa wanzuwa. Ga abin da nake so. Ka sauke firam ɗin ka buɗe bayansa. Ka ja layi a kan sunan da ke ƙasa, layi ɗaya, yadda za a iya karanta abin da aka soke. A samansa ka rubuta nawa, cikakke, yadda ka raɗa mini shi, da hannunka ba da na wani ba. Na san hannun yana rawa yanzu, ba komai, zan gane rubutunka. Ka jira sai Auta ya iso ka yi a gabansa, shi zai riƙe maka gilashin. Na saka biro a cikin ambulan ɗin nan, mai jan tawada ne, ba ya gogewa da kananzir.

A gaishe da Inna, a gaishe da mai jego. Ranar da direban ya ce mini ya gani da idonsa, ranar zan taso. Ka rubuta sunana, Baba.

Ɗanka na fari.